Kafin a Fitar da Kaya Waje: Asusun Agajin Haya a Karkarar Kano da Jigawa

Duk wanda ya miƙe a taron unguwa ya ce a kafa asusun taimaka wa masu bashin haya, tambayar farko da za a jefo masa ita ce: wai wa ke haya a ƙauye? Tambayar tana da tushe. Mun taso mun tarar da gidan gandu, inda yaro in ya isa aure sai a nuna masa gefe a cikin gida, a kira gayya a kwaɓa ƙasa, kafin a kawo amarya ɗaki ya tsaya. Baƙo in ya sauka a gari, mai unguwa ne ke nema masa masauki, ba a maganar ko sisi. A ƙananan ƙauyuka da rugage har yau haka abin yake, ko kusa da haka.

Amma karkara ba ƙananan ƙauyuka kaɗai ba ce. Kano na da ƙananan hukumomi 44, Jigawa na da 27, kuma mafi yawan hedikwatocinsu garuruwan manoma ne da suka cika suka batse. A Wudil, Dambatta, Bichi, Rano, Gumel, Maigatari, Ringim ko Birnin Kudu, gidan haya ya zama ruwan dare. Akwai malamin firamare da aka yi wa canjin wurin aiki, da ma'aikaciyar asibitin sha-ka-tafi, da ɗan dakon da ya biyo kasuwa. Akwai saurayin da ya yi aure ya tarar gidansu ba sauran inda za a kafa ɗaki, don an raba filin tun zamanin kakansa. Akwai iyalan da 'yan bindiga suka koro daga Zamfara da Katsina, da waɗanda suka baro Borno da Yobe shekara da shekaru ba su koma ba. Sai kuma waɗanda ruwa ya ci.

Ambaliyar 2022 ta kashe mutum sama da 600 a faɗin Najeriya, ta raba fiye da miliyan ɗaya da muhallinsu, kuma Jigawa na cikin jihohin da suka fi jin jiki, musamman garuruwan da ke bin Kogin Haɗeja irin su Ringim, Miga, Auyo da Kafin Hausa. Abin da ya saba faruwa shi ne a zuba mutane a azuzuwan firamare, hukumar agajin gaggawa ta kawo tabarmi da buhunan abinci, 'yan jarida su zo su tafi. Ranar da za a koma makaranta sai a ce kowa ya san inda dare ya yi masa. Ginin ƙasar da ya narke ba ya tashi a wata guda. Manomin da bai taɓa biyan haya ba tunda uwarsa ta haife shi sai ga shi yana bin dillali, alhali gonar da zai samu kuɗin a cikinta ita ma ruwan ya shanye ta.

Abin da ya sa mutane ke musun matsalar shi ne ba a ganinta da ido. A garuruwanmu da wuya ka ga mace da 'ya'yanta sun kwana a bakin titi. Gidan ne ke watsewa. Matar ta koma gidan iyayenta da na goye, a ce ta je ganin gida. Manyan yaran maza a haɗa su da wani malami a ce an kai su karatu, alhali ba niyyar karatun ce ta tura su ba. Yarinyar a kai ta wurin goggo, can a ɗora mata talla, makaranta ta ƙare ke nan. Shi maigidan ya koma kwana a shagon abokinsa ko barandar masallaci, daga nan ya tafi ci-rani Legas ko Fatakwal. In ka tambaya za a ce maka ba wanda ya rasa wurin kwana, kuma gaskiya ne. Sai dai aure da yawa daga wannan ganin gidan ba sa komawa.

Bashin haya ba ya faɗowa daga sama, yana da lokacinsa. Al'adar biyan kuɗin shekara gaba ɗaya ta fi dacewa da wanda ke samun kuɗi a dunƙule. Manomi yana ganin kuɗi da kaka, in ya sayar da riɗi ko gyaɗa ko zoɓo. Idan ya kama ɗaki a watan Yuli, to duk shekara wa'adinsa zai riƙa cika a tsakiyar damina, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, taki ya cinye ɗan abin da ke hannu, zazzaɓin cizon sauro ya kwantar da yara. A wannan lokacin ne kuma gidaje ke rushewa, masu neman ɗaki su yi yawa, mai gida ya san in ya fitar da wannan gobe wani zai shiga. Ga kuma abin da ya biyo bayan cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023: litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta zarce 1,000. Siminti da kwanon rufi suka bi sahu, masu gidaje suka ƙara kuɗi. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka amince da shi a 2024 bai shafi mai tura kurar ruwa ko mai wankau ba. Dama tun a rahoton talauci na Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 2022, sama da kashi 80 cikin 100 na mutanen Jigawa an lissafa su cikin masu fama da talauci ta fuskoki da dama.

Akwai wata hanyar rasa muhalli da ba ta da alaƙa da haya tun farko, kuma ita ta fi ci mini tuwo a ƙwarya. Mutum ya rasu ya bar gida guda. Magada suka ce a sayar a raba. Matarsa, in akwai 'ya'ya, tumunin takaba take da shi, wato kashi ɗaya cikin takwas, in su biyu ne ko uku su raba wannan ɗin. Rabon shari'a ne, ba a ja da shi. Amma abin da zai zo hannunta da na ƙananan 'ya'yanta sau da yawa ba ya sayen ko kango. Sai ta kama haya da kuɗin, shekara ta farko lafiya, ta biyu da ƙyar, ta uku an fara aiko mata da saƙo.

To me asusun masu aikin sa-kai zai iya yi a nan? Aikinsa ƙarami ne, kuma ƙanƙantar ita ce ƙarfinsa: ya biya wani ɓangare na bashin da zai sa a fitar da iyali, sau ɗaya, cikin kwanaki, kafin kaya su fito waje. An gwada wannan a wasu ƙasashe an auna sakamakonsa. A birnin Shikago na Amurka akwai layin waya da masu fuskantar kora ke kira. Wata rana akwai kuɗi a asusun, wata rana babu, saboda haka masu bincike daga jami'ar Notre Dame suka kwatanta waɗanda suka dace da ranar da ake da kuɗi da waɗanda ba su dace ba. Sakamakon da suka wallafa a mujallar Science a 2016 ya nuna cewa waɗanda suka kira ranar da akwai kuɗi, yiwuwar su ƙare a gidan kwanan marasa muhalli cikin wata shida ta ragu da kashi 76 cikin 100. Shikago ba Gumel ba ce, amma dalilin ɗaya ne. Tsayar da iyali a ɗakin da suke ya fi araha nesa ba kusa ba a kan sake tattara su bayan sun watse, don sabon ɗaki na buƙatar kuɗin shekara cif, da la'adar dillali, da kuɗin ɗaukar kaya, ga kayan ɗakin da aka riga aka sayar da asara.

Ita Amurkar ta kuma nuna yadda abin ke lalacewa. A lokacin korona gwamnatinta ta ware sama da dala biliyan 46 don biyan bashin haya, amma aka shafe watanni a 2021 mafi yawan kuɗin na kwance, saboda tulin takardun da ake nema a hannun talaka. Kuɗin da ya iso bayan an fitar da mutum sunansa jaje. Shi ya sa nake ganin duk kwamitin da zai ce a jira taron ƙarshen wata kafin a duba buƙata, gara ya koma rabon kayan azumi. Mutum uku aka yarda da su, a ba su ikon fitar da kuɗi har zuwa wani adadi cikin kwana biyu, su kawo bayani daga baya.

Matsala ta farko ita ce sanin wanda ke cikin halin. Mutumin da ya fi cancanta shi ne wanda ba zai taɓa zuwa ya roƙa ba. Zai gwammace ya jinginar da gonarsa, ko ya karɓi bashin da zai biya da buhu biyu a kan ɗaya in kaka ta yi. Labarin irinsa a cikin gida ake jin sa, kuma mata ke fara ji. Dillaliya ta san gidan da aka miƙo mata kwalla da samira a ƙunshe cikin zani aka ce ta sayar kada kowa ya ji, bayan mako biyu aka miƙo katifa. Malamar Islamiyya ta san yaran da suka daina zuwa saboda kuɗin Laraba. Ungozoma ta san ɗakin da ta shiga ta tarar ba a hura wuta ba. Kwamitin da babu mata a cikinsa a ƙofar gida zai tsaya, kuma abin da maigida ya ga damar faɗa masa a zaure shi kaɗai zai ji. A samu mata biyu ko uku masu kamun kai da riƙe sirri, su riƙa shiga su biyu, ba ɗaya ba, don kare mutuncinsu da na gidan da kuma toshe ƙofar zargi.

Sai zuwa wurin mai gida, inda rabin aikin yake. A daina kallon masu gidajen haya na karkara kamar wasu attajirai marasa imani. Da yawansu 'yan fansho ne da suka zuba kuɗin sallamarsu a ɗaki huɗu, ko tsohuwar da ke ci da marayu da kuɗin shago ɗaya. In aka je masa da faɗa ko wa'azi, an ɓata goma ɗaya ba ta gyaru ba. Bayan sallar isha'i ake zuwa, da liman ko mai unguwa, da kuɗi a aljihu. A gaisa a tambayi iyali, sannan liman ya gyara zama.

"Alhaji, mun zo ne kan maganar bawan Allahn nan na ɗakin ƙofa."

"Wallahi Malam, ba da son raina ba ne. Wata bakwai ke nan. Ni ma da kuɗin nake sayen magani."

"Mun sani, kuma Allah Ya saka maka da haƙurin da ka yi. Ga rabi mun zo da shi. Ragowar muna roƙon arziki a ɗaga masa zuwa a kaɗe riɗi, mu ne shaida."

Da wuya dattijo ya ga kuɗi a kan tabarma, ga limamin da yake bi salla sau biyar, ya ce a'a. Sau da yawa ma shi zai ce ya yafe wata ɗaya ko biyu. Aya ta 280 a Suratul Baƙara, wadda ta yi umarnin a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi, kowa ya san ta, amma ta fi shiga kunne in an zo da wani abu a hannu. A miƙa kuɗin ga mai gida kai tsaye, ba ga ɗan haya ba, ba don ana zarginsa ba, sai don mutumin da yaransa ba su ci ba tun safe in ka ba shi kuɗi hatsi zai saya, kuma ba wanda zai ga laifinsa. A rubuta rasit, a rubuta sabon wa'adi, shaidu su sa hannu. In da hali a roƙi a mayar da ranar biyan zuwa bayan kaka, ko a raba shi wata uku-uku. Wannan gyaran kaɗai, wanda bai ci asusu ko kwabo ba, yana iya hana a sake dawowa baɗi.

Yana da kyau ɗan kwamiti ya san abin da doka ta ce, ko da ba zai fara da ita ba. A ƙa'idar da kotunan Najeriya suka saba bi, in babu wata yarjejeniya dabam a rubuce, mai biyan shekara-shekara ana ba shi notis na wata shida, mai biyan wata-wata na wata ɗaya, sannan a ƙara masa na kwana bakwai, kuma kotu ce ke ba da izinin fitarwa. Cire ƙyaure, kwance kwanon rufi, ko garƙame ɗaki da kayan mutum a ciki ɗaukar doka a hannu ne. Ana yi, musamman ga baƙi da zawarawa da ba su da mai tsaya musu. Inda lallashi ya ƙi, akwai dagaci da hakimi, akwai ofishin Hisba da ke sulhu, kafin a kai ga alƙali.

Batun wuta da ruwa ya ɗan bambanta. KEDCO ke raba wuta a Kano, Jigawa da Katsina. Ƙarin kuɗin da aka yi a Afrilun 2024 ya faɗa ne kan masu rukunin A, waɗanda aka yi wa alkawarin awa 20 a rana, kuma yawancin garuruwan karkara ba sa ciki. Abin da ke damun ɗan haya a nan shi ne bil ɗin ƙiyasi a gidan da babu mita, da tsohon bashin da wanda ya tashi ya bari, da karo-karon gyaran taransifoma da ake yanka wa kowane gida ba a duba mai shi ba. Tun 2020 hukumar da ke kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta sa iyaka ga abin da za a ƙiyasta wa wanda ba shi da mita, saboda haka kafin a biya bil a fara dubawa ko daidai ne. Ra'ayina shi ne kada asusu ya biya kuɗin wuta sai inda wutar ce sana'a: matar da ke sayar da ƙanƙara da zoɓo, mai injin markaɗe, tela mai aikin zubi. In aka yanke musu wuta an yanke hanyar biyan hayar ne. A ƙauyukan da ko turken wuta babu, ruwa ne maganar. Famfon burtsatse in ya lalace kowa ya koma hannun 'yan ga-ruwa, kuma gyara shi sau ɗaya ya fi a biya wa gida goma kuɗin jarka.

Daga ina kuɗin za su fito? Wanda ke bin adashi ya san amsar: kaɗan-kaɗan, a kan lokaci. Manomi ba shi da kuɗi a Agusta amma yana da hatsi a Nuwamba. A ce magidanta 200 kowa ya ba da tiya 2 ta gero ko dawa, a lissafin tiya 40 a buhu, buhu 10 ke nan ba wanda ya ji a jikinsa. Sai dai kada a ɗauka farashi kullum hawa yake in damina ta kawo jiki. A 2025 ya faɗi, masu ajiya da yawa suka tafka asara. A sayar da rabi da wuri, a ajiye rabi, wanda ko bai yi tsada ba zai ciyar da gidan da aka biya wa haya. Ga kuma 'yan gari mazauna Kano, Abuja da Legas, waɗanda ke da zaurukan WhatsApp. Suna bayarwa in sun ga lissafi, suna janyewa ranar da suka daina gani.

Zakka babbar ƙofa ce amma tana da ƙa'ida. Aya ta 60 a Suratut Tauba ta lissafa kashi takwas na masu cin ta, kuma masu bashi na ciki, tare da matalauta da miskinai. Wanda haya ta taru a kansa ya shiga. Gyaran famfo ko sayen littafin rasit kuwa ba su shiga ba, saboda haka jaka biyu ake yi, ta zakka daban, ta sadaka daban, kuma malamin garin ya duba yadda za a miƙa ta zakkar ga mai gida da sanin wanda ake biya wa. Kano na da Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. A Jigawa masarautu ke riƙe da harkar, kuma kwamitin masarautar Dutse ya daɗe yana tattara zakkar hatsi da ta dabbobi ta hannun hakimai. Irin wannan rabon lokaci-lokaci ake yin sa, ba a tsara shi don wanda aka ba kwana bakwai ba. Asusun unguwa ba kishiyarsu ba ne, cike wannan giɓin yake.

Abubuwan da ke kashe irin wannan asusu sanannu ne. Kuɗi a asusun bankin mutum ɗaya, komai amanarsa: ranar da ya yi rashin lafiya ko aka yi masa ƙazafi, an gama. A yi rajista da ƙaramar hukuma, a buɗe asusu da sunan ƙungiya, mutum biyu cikin uku su sa hannu, duk wata uku a karanta abin da ya shiga da abin da ya fita a masallaci, adadi kawai ba sunaye ba. Sai ɗan siyasar da zai kawo kuɗi masu kauri da sharaɗin a tara mabuƙata a ɗauki hoto. Wannan a mayar masa da abinsa cikin ladabi, don daga ranar da aka ga fuskar bazawara a Facebook tana riƙe da ambulan, masu kunya sun daina bari a san halinsu, kuma su ne aka kafa asusun dominsu. Akwai son kai, inda ɗan'uwan ma'aji ke riga baƙon da ya zo daga Zamfara. Wanda abin ya shafi danginsa ya tashi daga zaman. Akwai kuma mai gida da ɗan haya da za su haɗa baki su ƙirƙiri bashi, abin da tambayar maƙwabta biyu ke tonawa.

Tambaya mafi nauyi da kwamiti zai yi wa kansa a kan kowace buƙata ita ce: in mun biya yau, baɗi wa zai biya? Wanda ciwo ya kwantar wata uku, ko aka sace wa babur, ko albashinsa ya maƙale, in aka tsallakar da shi zai ci gaba da kansa. Amma tsohuwar da ba ta da kowa, ko gwauruwa mai marayu biyar da ba sana'a, biya mata hayar shekara jinkirta ranar kuka ne kawai, kuma shekara uku a jere za ta cinye asusun ta bar wasu goma a rana. Ba korar ta za a yi ba, hanyarta ce dabam. A nan karkara ta fi birni dama, don har yanzu akwai fili, akwai ƙasar gini, akwai samarin da za su fito gayya in dattawa sun kira. Wani ya ba da gefen fili, asusu ya sayi kwano da katako da ƙyaure, a ɗaga harsashin da bulo in wurin na kwanciyar ruwa ne, cikin rani ɗaki da makewayi sun tsaya.

Sai dai a rubuta matsayin ɗakin tun kafin a ɗora tubalin farko. In kyauta ce gare ta, a rubuta da sunanta, dagaci ya buga hatimi. In wakafi ne, a rubuta cewa za ta zauna iya rayuwarta, bayanta kwamiti ya sa wani mabuƙacin. A ajiye takarda ɗaya a wurin liman, ɗaya a wurin dagaci, ɗaya a hannunta, kuma manyan 'ya'yan mai filin su kasance cikin shaidu, don su ne za su zo rabon gado ranar da ba ya nan.